Ciyawar da Meshak Ya Shuka a Kwarin Mazo

Ungwar Kumai, ta Manchok
10 ga Maris, 1974

Ɗana Jonathan,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Ina fata kana lafiya, kai da Roseline da jaririn da har yau ba ku kawo mana mun gani ba. Mu nan da sauƙi. Emilia tana fama da bayanta kamar kullum, ni kuma ƙafar nan da ƙarfen dogo ya danne mini tun ina aikin reluwe a Kafanchan ta soma tuna mini da kanta.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga Meshak. Na san zumuncin namu ya ɗan yi nisa, kakarka da uwata ne 'yan ɗaki ɗaya, kuma rabona da kai tun jana'izar babanka. Wilfred mai aiki a jirgin ƙasan Kano ne ya ce mini kana wata gonar gwamnati bayan Zariya inda ake shuka ciyawa. Na ce masa ya rage shan burkutu da safe. Ya rantse ya ƙara rantsewa, wai da idonsa ya gani, ciyawa a layi kamar dawa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna Kwarin Mazo, filin babana a bayan dutse? Da muna yara gamba tana rufe mutum a wurin, gada da mazo suna saukowa kiwo da safe, har babana yakan zaɓi wanda zai harba. Yanzu je ka gani. Farin bara ya koro shanu daga arewa, sun cinye komai har saiwa, wuta ta ƙarasa sauran. Shekara tara rabon da in ga sawun mazo a can. Awakina goma sha ɗaya ne a Kirsimeti, yau saura shida, sai ƙashi da ido. Jiya na kama ɗaya tana cin tsumman Emilia a kan igiya.

Idan gaskiya ne ana shuka ciyawa, ka faɗa mini yadda ake yi. Ina so in ga kwarin nan ya yi kore sau ɗaya kafin a kai ni bayan majami'a. Ka amsa ta hannun hedimastan makarantarmu, a jakarsa wasiƙun ƙauyen nan suke zuwa.

Kawunka,
Meshak Kumai


Gonar Gwaji, ta Zariya
2 ga Mayu, 1974

Kawu Meshak,

Na gode wa Allah da jin kuna nan da rai. Roseline tana gaishe ku, yaron kuma ya fara rarrafe. Ka gai da Inna Emilia, Allah ya ba ta sauƙin bayan. Ka yi haƙuri da jinkiri, takardarka ta yi sati biyar a hanya.

Wilfred bai sha komai ba, Kawu. Aikina ke nan, shuka ciyawa da auna ta. Na ba shi buhu ƙarami ya kawo maka, mudu huɗu ne na irin wani tsiro da muke kira sitailo. Ganyensa kamar na gyaɗa ne amma ƙanana, kuma yana riƙe dabba a rani kamar harawa. Awaki da shanu suna cin ganyen da ya bushe har da 'ya'yan, namun daji ma haka. Nan gonar sai da muka sa waya saboda gada.

Ga yadda za ka yi. Idan ruwa ya zauna sosai, ka ɗan kakkarce ƙasar da fartanya, ba huɗa ba. Ka tafasa ruwa, ka sauke ya ɗan huce, ka zuba irin a ciki na ɗan lokaci don ɓawonsa yana da tauri. Ka gauraya da yashi ka watsa kamar acca. Abu mafi girma shi ne wannan: shekara ɗaya kawai tsiron yake yi. Idan ya kai ya zubar da 'ya'yansa a ƙasa wajen Nuwamba, to zai riƙa fitowa da kansa kowace damina, ya cika kwarin. Idan wani abu ya same shi kafin nan, shi ke nan.

Wannan irin sharar sito ne. An rufe gwajin, an ce a zubar, ni kuma na tattara na sheƙe. Ba ni da wani bayan shi. Don Allah kada a yi ta yayata maganar, domin ba a ba ni izinin fitar da shi a rubuce ba.

Ɗanka,
Jonathan


Ungwar Kumai
24 ga Yuni, 1974

Ɗana Jonathan,

Muna gaishe ku duka. Ruwa yana sauka yadda ake so, masara ta kai gwiwa. Ƙafata ce dai ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, amma ina jan ta.

Buhu ya iso. Da na buɗe na ga abin kamar ƙaiƙayi, na ce yaron nan ya aiko mini da shara a jirgi, sai na tuna kai ma haka ka ce. Na yi duk yadda ka rubuta. Kwana takwas ina karce kwarin ni kaɗai. Ruwan zafin a tsohon gwangwanin kananzir na dafa shi a can, don in na taɓa tukunyar Emilia sai na amsa tambaya ɗari.

Jonathan, ya fito. Ban taɓa zaton zan tsaya ina murna da haki ba, ni da na yi shekara sittin ina yaƙi da shi. Ya fito cunkus, ko tafin hannu babu fili, ƙananan ganye uku-uku. Jiya na zauna a kan duwatsun da kakanninmu suke ajiye naman farauta, ina kallon sa har rana ta take.

Game da riƙe baki, kada ka damu. Ba wanda ya sani, ko Emilia. Na ce mata tarkon zomo nake zuwa dubawa, ta ce wannan zomo ya fi ni wayo tunda har yau bai shigo miya ba. Mutane kuma na ce musu na bar kwarin ya huta bana. Gaskiya ma ka sauƙaƙa mini. Ka san mutanenmu. Idan aka ji Meshak, dattijon ikkilisiya, ya tafasa ruwa ya shuka ciyawa, Leonard mai waƙar habaicin ƙauyen nan zai sa ni a waƙa har ranar girbi. Gara su gani da idonsu a rani, lokacin da awakinsu suke cin tsumma nawa suna ƙiba.

Kawunka,
Meshak


Gonar Gwaji
15 ga Yuli, 1974

Kawu,

Muna lafiya, Allah ya sa ƙafar ta sace. Kada ka yi wasa da ita, ka je asibiti.

Na yi murna da ya fito, amma ƙarshen takardarka ya hana ni sukuni. Ba haka nake nufi ba, Kawu. Cewa na yi kada a faɗi inda irin ya fito, don kada sunana ya kai ofis. Ban ce a ɓoye cewa an yi shuka ba. Wanda bai san sitailo ba, haki zai gani, kuma ka fi ni sanin abin da manomi yake yi wa haki.

Ranar da wannan ta same ka, ka faɗa wa Inna Emilia. Ka faɗa wa Fasto Luke ya sanar a sujada, ka kai dattawa su gani, ka kafa sanduna da tsumma a kusurwa huɗu. Su yi dariyar, Leonard ya yi waƙarsa, ba ta kashe mutum. Ka amsa mini da wuri in san ka yi.

Ɗanka,
Jonathan


Ungwar Kumai
18 ga Agusta, 1974

Jonathan ɗana,

Ni ce Emilia, matar kawunka. Ka yi haƙuri da rubutun, a ajin karatun Littafi na koya. Ina gaishe ka da Roseline da yaro. Na ga adireshinka a cikin Littafinsa, na ce bari in sanar da kai tunda kun saba rubuta wa juna.

Kawunka yana asibiti a Kafanchan tun ashirin ga watan jiya. Ƙafar ta yi ruwa, an tsaga ta sau biyu. Da farko ko mutane ba ya ganewa, amma yanzu da sauƙi, yana cin abinci yana yi wa nas-nas faɗa. Likita ya ce sai wata mai zuwa.

Ina so ka taya mu godiya, domin Allah ya nuna mana muna da mutane. Fasto Luke ya tashi a sujada ya ce ba zai yiwu dattijo yana kwance gonarsa tana zama daji ba. Sun nome mana masara. Sai Leonard ya ce ai Kwarin Mazo ma bai kamata a bari ba, ba hutu Meshak ya ba shi ba, ƙafa ce ta hana shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Aka sa gayya ranar Asabar ta sama. Na dawo gida na yi kunu da wake.

Mutum arba'in da ɗaya suka zo, na ƙirga. Wurin ya cika da wani banzan haki mai ganye kamar gyaɗa, ya kai ƙauri, ya kama ƙasa ƙam. Maza sun sha wuya da garma kafin su kife shi. Maƙwabciyarmu Selina ta ba da dashen dauronta kyauta, zumuntar mata suka bi bayan maza suna dasawa suna waƙa. Kafin la'asar kwarin ya zama kunya-kunya daga bakin dutse har rafi, gwanin kyau. Na yi kuka a gabansu.

Abin da ya dame ni shi ne kawunka. Na koma asibiti da murnata na ba shi labari. Ya ce, "Duka?" Na ce duka mana, ko ganye ɗaya ba su bari ba. Sai ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bai ci komai ba, ya ƙi yi mini magana. Ina jin kunya ce ta a ce an yi masa aiki, ka san shi da girman kai. Ka rubuta masa ka ba shi baki, yana jin maganarka.

Innarka,
Emilia


Gonar Gwaji
1 ga Satumba, 1974

Kawu,

Inna Emilia ta rubuto mini. Na gode wa Allah da ƙafar take warkewa. Ita ce gaba da komai, ina faɗa wa kaina haka tun jiya.

Ban san ko takardata ta Yuli ta same ka ba. Idan ba ta same ka ba, laifin nawa ne tun daga ta farko. Na rubuta layi ɗaya don tsoron ofis, ban tsaya na duba yadda za ka karanta shi ba. Roseline ta same ni zaune da takardar Inna a hannu, ta zaci mutuwa aka yi.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da garma ta kife a Agusta bai kai fure ba, kuma tunda an jiƙa irin da ruwan zafi, duk ya tsiro, babu wanda ya rage yana barci a ƙasa. Na koma sito na duba har ƙarƙashin katako, an wanke shi an zuba taki. A ƙarshen shekara kuma za a mayar da ni sashen auduga.

Ban amsa wa Inna ba, don ban san me ka faɗa mata ba. In ka iya takawa, ka duba gefe-gefe, ko akwai inda garma ba ta kai ba.

Ɗanka,
Jonathan


Ungwar Kumai
6 ga Oktoba, 1974

Ɗana Jonathan,

Ina gida. Ina tafiya da sanda, ƙafar ta zama kamar ba tawa ba, amma tana ɗauka ta. Ka gai da iyalinka.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Ta Yuli ta iso bayan an kai ni asibiti, aka rufe makaranta hutu, ta kwana a jakar hedimasta har aka dawo. Ya kawo mini da kansa yana ba da haƙuri. Na karanta inda ka ce in kafa sanduna da tsumma. Tsumma kam muna da shi.

Ka daina cewa laifinka ne. Na karanta layin nan yadda nake so ne. Tsoron dariyar Leonard ya fi tsoron ofis ɗinka ƙarfi a wurina, ka ba ni inda zan ɓuya na shige. Wannan tsakanina da Allah ne.

Lahadin da ta wuce aka ce in tashi in yi godiya, kamar yadda ake yi bayan gayya. Na tsaya a gaban ikkilisiya da sandata. Ga Leonard a layin gaba, hannunsa har yanzu da kantar garma. Ga Selina da ta rage nata dashen ta ba ni, ita da take ciyar da marayu uku. Duk suna kallo na suna murmushi. Na buɗe baki da niyyar in faɗi gaskiya, Jonathan, Allah ya sani. Abin da ya fito shi ne, "Na gode, Ubangiji ya sāka muku." Suka ce amin. Aka ɗaga waƙa, ni ma na yi.

Emilia kaɗai na faɗa wa, da muka dawo gida. Ta saurara har na gama. Daga baya ta ce, "Shekara talatin da huɗu ina dafa maka abinci, ka ɓoye mini ciyawa. Da hannuna na kai musu kunu su ji ƙarfin kife ta." Ta ɗauki tulu ta tafi rafi alhali randa cike take. Har yau maganarmu ba ta wuce ta abinci.

Amma ka ce in duba gefe, na duba. Ka tuna duwatsun kakanni? Duk da mun zama masu bi, ba wanda yake sa garma kusa da su, ko Fasto ya kan kauce. Sun bar wurin, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Sitailo yana nan a tsaye, ya fara fure, ƙanana rawaya. Na sare ƙaya na kewaye shi har ƙirjina saboda awaki, na share gefen saboda wuta. Kullum ina can. Mutane sun ɗauka dauro nake gadi.

Ka ce Nuwamba. Idan na samu ko cikin gwangwanin madara ne, baɗi zan shuka shi da rana tsaka, in kira Leonard ya zo da waƙarsa.

Kawunka,
Meshak


Ungwar Kumai
10 ga Nuwamba, 1974

Ɗana Jonathan,

Ban ji daga gare ka ba, ina fata lafiya ce, ko kuwa takardar tana wata jakar. Mu muna nan. Ruwa ya ɗauke. Dauro ya yi kyau ƙwarai, kowa ya wuce sai ya ce bai taɓa ganin irinsa a kwarin ba, ni kuma in ce haka ne.

Ranar Talata na murza kan sitailo a tafin hannuna, 'ya'yan suna nan amma kore ne, da ruwa a ciki. Na ce sati biyu ya rage. Emilia ma ta zo ta gani. Ta gyara wata ƙaya da ta kwanta, washegari kuma ita ta tashe ni ta ce rana ta yi, ba za ka je wurin abinka ba?

Ranar Alhamis ƙafar ta hana ni fita. Juma'a da safe na je. Ƙayar tana nan yadda na bar ta, ba inda aka ture. Ciki kuwa an cinye komai. Fure, 'ya'ya, ganye, duk babu, sai guntayen kara kamar an bi da almakashi. Na fara zagin awakin mutane, sai na tuna duk suna ɗaure har a gama girbi, kuma babu akuyar da za ta tsallake wannan shingen.

Na durƙusa na duba ƙasa. Raɓa ta jiƙa wurin, sawun ya fito sarai. Kofato biyu masu tsini, sun fi na gada girma, sun fi na akuya tsawo. Babana ya koya mini wannan sawun tun ban kai riƙe baka ba. Mazo ne, Jonathan, har biyu, uwa da ɗanta. Sun sauko daga dutse, uwar ta tsallaka, ƙaramin ya bi ta wata kafa a ƙasa da ban lura da ita ba. Sun ci, sun yi kashi a gindin duwatsun, sun koma ta inda suka fito.

Shekara tara ina jiran wannan sawun. Na zauna a wurin ina kuka kamar yaro, kuma in ka tambaye ni kukan me, ba zan iya raba maka ba. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Da kwarin ya tsaya, da sun dawo. Tabarma biyu kawai suka ji ƙanshinta daga kan dutse.

Na san ba zai sake fitowa ba, ka riga ka faɗa mini, ba sai ka nemi kalmar lallashi ba. Na tattara kashin nasu na farfasa ko zan ga ƙwaya ɗaya da ta nuna, ban samu ba. Emilia ta ce mu sayar da awaki huɗu kafin rani, mu bar biyu da za mu iya ciyarwa da dusa. Na yarda.

Ranar Asabar za a zo a taya ni yankan dauro, zan sake tashi in yi godiya. In an sussuka, Wilfred zai kawo muku rabin buhu, Roseline ta yi wa yaro kunu. Kada ku ƙi ci, dauron ba shi da laifi, masu dasa shi ma haka.

Za ka ga ɗan kara a cikin ambulan, kada ka zaci shara ce ka yar. Da shi na auna sawun uwar, daidai tsawonsa na karya. Na rufe sawun da fasasshen kasko don kada masu girbi su taka, gobe zan kai Emilia ta gani.

Kawunka,
Meshak Kumai